Yadda ƙananan kwamfutocin cikin na'urori ke tantance aikin da ya fi gaggawa

A cikin motar zamani, da mitar wutar lantarki, da na'urar POS, da injinan kula da marasa lafiya a asibiti, akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ba ta kai girman farce ba. Galibinsu suna da ƙwaƙwalwa ɗaya tak, wadda ba ta iya aiwatar da umarni biyu a lokaci guda. Saboda haka tilas ne ta san aikin da zai iya jira da wanda jinkirinsa zai jawo asarar rai ko dukiya.

Dabarar da injiniyoyi ke amfani da ita ana kiranta katsewa. Idan wani abu ya faru, misali na'urar auna gudun taya ta aiko da saƙo, sai sigina ya isa ƙwaƙwalwar. Nan take za ta dakatar da aikin da take yi, ta adana inda ta tsaya, ta gudanar da ɗan gajeren shirin da aka tanada domin wannan saƙo, sannan ta koma bakin aikinta.

Lamarin yana ƙara sarƙewa idan wani saƙon ya iso alhali ba a gama da na farko ba. A nan ne ake samun katsewa cikin katsewa. Kowane saƙo yana da matsayi. Wanda ya fi muhimmanci yana da ikon dakatar da na ƙasa da shi, amma na ƙasa, ko wanda suke daidai, sai ya jira. Kamar likita ne da ke ɗaure wa wani rauni, sai aka shigo da wanda numfashinsa ya tsaya: dole ya ajiye bandeji.

A ƙwaƙwalen Cortex-M na kamfanin Arm da ke Cambridge a Ingila, wani sashe mai suna NVIC ne ke wannan alƙalanci. Kafin a juya ga sabon saƙo, ƙwaƙwalwar tana kwashe bayanan ƙananan ma'ajiyoyinta guda 8 zuwa wani wurin ajiya na wucin gadi. A samfurin Cortex-M3, wannan sauyi yana ɗaukar bugun agogo 12, wanda bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba idan agogon na bugawa sau miliyan 72 a daƙiƙa.

Wurin ajiyar yana aiki ne kamar jeren kwanuka, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Kowace sabuwar katsewa tana ƙara wa jeren tsawo. Idan mai tsara manhaja bai ware isasshen wuri ba, bayanan sukan malala su ɓata na maƙwabta, na'urar ta rikice ba tare da gargaɗi ba. Shi ya sa ƙa'idar masana ita ce shirin katsewa ya kasance gajere, a miƙa aiki mai nauyi ga manhajar da ke raba lokaci tsakanin ayyuka.

Akwai kuma wani tarko. A tsarin Arm, ƙaramar lamba ce ke nuna babban matsayi, wato sifili shi ne a gaba. A manhajar FreeRTOS kuwa, wadda Richard Barry ya ƙirƙira a 2003, kamfanin Amazon ya karɓi kula da ita a 2017, aikin da ke da babbar lamba shi ne a gaba. Wanda ya cuɗanya tsarin biyu yakan sha wahala kafin ya gano musabbabin tsayawar na'urarsa.

Rikicin matsayi ya taɓa shafar kumbon Pathfinder na hukumar NASA ta Amurka, wanda ya sauka a duniyar Mas ranar 4 ga Yuli, 1997. A can matsalar ta taso ne tsakanin ayyukan manhajar VxWorks. Wani ƙaramin aiki na tattara bayanan yanayi ya riƙe hanyar da babban aiki ke buƙata, sai matsakaitan ayyuka suka hana ƙaramin kammalawa. Babban aikin ya yi ta jira, har kwamfutar ta riƙa kashe kanta tana sake tashi. Injiniyoyi sun gyara matsalar daga nan duniya, ta hanyar ba ƙaramin aikin aron matsayin babban har ya saki hanyar.

Don haka ne kafin a amince da irin waɗannan na'urori a mota ko jirgin sama, ake lissafa jinkiri mafi muni da zai iya aukuwa, wato lokacin da dukkan saƙonni suka iso a jere, wani a kan wani.