Tsirran fadamar gishiri: Me suke ɗauke da shi na gina jiki?

Manomi ya san gishiri da shuka ba sa ga-maciji da juna. Da zarar farin gishiri ya fara bayyana a saman kunya kamar an barbaɗa gari, sai masara ta tsumbure, shinkafa ta ƙone daga bakin ganye, daga ƙarshe a haƙura da gonar. Sai dai akwai wani ƙaramin rukuni na tsirrai, kimanin kashi 1 cikin 100 na ire-iren tsirran duniya, waɗanda ke girma har su yi fure su yi iri a ƙasar da gishiri ya cinye. Da yawansu suna fitowa ne a fadamun bakin teku, inda ruwan gishiri ke malalowa ya rufe su, bayan 'yan sa'o'i ya janye.

Abin da ya jawo hankalin masana aikin gona kansu shi ne yadda gishiri ke cin ƙasar noma. A rahoton da ta fitar a watan Disambar 2024, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan hekta biliyan 1.4, wato kashi 10.7 cikin 100 na doron ƙasa, na fama da gishiri. A ɗaya ɓangaren kuma, kimanin kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya na teku ne, kuma kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Shukar da za ta sha wannan ruwa ta ba da abinci ba ƙaramar riba ba ce. Tambayar ita ce ko abincin nata na gina jiki ne, ko kuwa cika ciki kawai.

Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Salicornia. Ba ta da ganye irin wanda aka saba gani. Ƙananan rassa ne kore masu gaɓa-gaɓa, cike da ruwa, masu ƙaras-ƙaras a baki. Mazauna gaɓar Ingila da Faransa da Holan sun daɗe suna tsinko ta a fadama su ci da kifi ko su jiƙa ta a ruwan tsami. A Koriya ana busar da ita a niƙa, a yi amfani da garin a madadin gishiri.

Kafin a fahimci abin da ke cikinta, sai an san dabarar da take rayuwa da ita. Gishiri yana kashe shuka ne ta hanyar hana saiwa jan ruwa, kuma idan ya shiga jiki ya lalata ayyukan ƙwayoyin halitta. Ita Salicornia ba ta gudun gishirin. Shanye shi take yi, ta tura shi cikin wasu 'yan jakunkuna da ke cikin ƙwayoyin jikinta ta killace, sannan ta tara ruwa mai yawa domin ta surka shi. Wannan ne dalilin kaurin rassanta. Wahalar da take sha kuma tana tilasta mata ƙera sinadaran kariya, irin waɗanda masana abinci ke yabawa a cikin kayan lambu saboda suna rage lalacewar ƙwayoyin jiki.

Ɗanyen reshen galibinsa ruwa ne, don haka ba ya ba da kuzari sosai, kuma ba zai maye gurbin tuwo ba. Matsayinsa matsayin ganyen miya ne, kamar alayyafo ko zogale. Yana da harza mai taimaka wa hanji, da bitamin C, da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, da ma'adinai irin su fotasiyam da magnesiyam da kalsiyam da ƙarfe. Yawan waɗannan yana bambanta ƙwarai gwargwadon irin shukar, da ƙasar da ta fito, da lokacin da aka yanke ta, abin da ya sa alƙaluman da masu tallata ta ke yaɗawa ba su cancanci a haɗiye su ba tauna ba.

Ainihin darajar tana cikin iri. A shekarar 1991, Edward Glenn da abokan aikinsa na Jami'ar Arizona suka wallafa sakamakon gwajin shekaru da suka yi a Puerto Penasco, a gaɓar hamadar Sonora ta ƙasar Meziko, inda suka shayar da nau'in Salicornia bigelovii da ruwan teku zalla. Sun samu cewa irin yana ɗauke da mai kashi 26 zuwa 33 cikin 100, da sinadarin gina jiki na furotin kimanin kashi 31. Idan aka kwatanta, waken soya yana da mai wajen kashi 20, furotin kuma kusa da 40. Kusan kashi uku cikin huɗu na man shi ne nau'in linoleik, wanda ya yi yawa a man sunfulawa, kuma jikin ɗan Adam ba ya iya ƙera shi, sai dai ya samu daga abinci. Abin mamaki shi ne, duk da shukar a gishiri take kwana ta tashi, irin nata gishirinsa kaɗan ne. A filayen gwajin an samu kimanin tan 2 na iri a kowace hekta.

Amma ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda. Tunkuzar da ke saura bayan an matse man tana da sinadarin safonin mai ɗaci da kumfa, wanda ke hana kaji cin abinci da girma idan ya yi yawa, sai an wanke shi ko an rage adadin da ake haɗawa. Karan kuma, idan ya bushe, kashi ɗaya cikin uku ko fiye na nauyinsa gishiri ne da sauran ma'adinai. Gwaje-gwajen kiwo sun nuna tumaki da awakin da aka haɗa wa irin wannan harawa da sauran abinci sun yi ƙiba kamar 'yan uwansu, kuma namansu bai canza ɗanɗano ba. Illa dai sun fi cin abinci, sun kuma fi shan ruwa, wanda a wurin da ruwan daɗi ke da tsada ba ƙaramin lissafi ba ne.

Ga ɗan Adam ma gishirin ne babban abin lura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Wanda ya cika faranti da Salicornia kamar yadda ake cika shi da kwaɗon rama zai iya cinye kaso mai tsoka na wannan adadi a zama ɗaya. Shi ya sa masu dafa ta kan tafasa ta na ɗan lokaci su zubar da ruwan, kuma ba sa ƙara gishiri a tukunya. Garin da ake sayarwa a matsayin madadin gishiri ya fi gishirin tebur ƙarancin sodiyam, gaskiya ne, amma mai hawan jini bai tsira ba don ya koma kansa. Wasu daga cikin tsirran, musamman dangin Atriplex, suna da sinadarin okzalet mai yawa, wanda ke hana jiki cin moriyar kalsiyam, yana kuma iya taimaka wa taruwar tsakuwar ƙoda ga mai saurin kamuwa da ita.

Ba Salicornia kaɗai ba ce. Al'ummar Kokopa da ke bakin Kogin Kolorado sun daɗe suna girbar hatsin wata ciyawar fadamar gishiri mai suna Distichlis palmeri, kafin madatsun ruwa su janye kogin daga ƙasarsu. Gwozar da ake yin sukari da ita a Turai jikar wata shukar bakin teku ce. Kinwa kuma, hatsin tsaunukan Bolibiya da Peru mai furotin kimanin kashi 14 cikin 100, ba 'yar fadama ba ce, amma wasu nau'o'inta suna jure gishiri mai yawa.

Fitar da noman daga filin gwaji zuwa babbar gona shi ne inda gizo ke saƙa. A ƙarshen shekarun 1990 an kafa wata gona a kusa da Massawa ta ƙasar Eritiriya, inda ake jawo ruwan Bahar Maliya a yi kiwon jatan lande da kifi, ruwan da ya fito daga tafkunan kuma ya shayar da Salicornia da itatuwan bakin teku. Ta ɗauki ɗaruruwan ma'aikata, amma ta durƙushe a 2003. Shukar ba ta gama zama ta gida ba: irin ƙanana ne ƙwarai, ba sa nuna lokaci ɗaya, wasu kuma suna zubewa kafin girbi. Ga kuɗin tura ruwa, domin dole a riƙa malala shi da yawa don kada gishiri ya taru a saiwa. A yau Cibiyar Binciken Noman Ruwan Gishiri ta Duniya da ke Dubai, wadda aka kafa a 1999 da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulunci da gwamnatin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, tana ci gaba da tace iri, tana shayar da shukar da ruwan kiwon kifi da kuma ragowar ruwa mai ɗaci da ke fitowa daga injinan tace gishiri.

Ga Nijeriya, batun ba baƙo ba ne gaba ɗaya. Ƙasar tana da gaɓar teku ta kimanin kilomita 850, da dajin itatuwan bakin teku mafi girma a Afirka a yankin Neja Delta, inda ake samun Sesuvium, wata shuka mai yaɗo da ganye mai kauri wadda ake ci a wasu ƙasashen Asiya. A yankin Tafkin Chadi kuwa, itacen da ake yin asuwaki da shi yana jure ƙasa mai gishiri da kanwa, ana cin 'ya'yansa, kuma magabata sun riƙa ƙona shi su tace tokar su fitar da gishirin miya. Sai dai wanda zai yi tunanin tsinkar ganye a gaɓar Neja Delta dole ya fara da gwajin ƙasa. Tsirran da suka ƙware wajen shanye gishiri suna shanye dalma da kadmiyam ma idan suna wurin, kuma rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya kiyasta cewa tsabtace gurɓatar mai a can na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.