In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Gargaɗin Ma'aikatan Tashar Jirgin Ƙasa

A cikin ranin 2024 na raka wani dattijo na ƙungiyar manomanmu da matarsa zuwa wata babbar tashar jirgin ƙasa. Idon matar ne ya yi yana, likita kuwa ya ba su ranar da za a duba ta a birni. Dattijon nan ya sayar da masara domin kuɗin tafiya. Da muka isa sai muka tarar tikitin jirgin safe ya ƙare. Akawun tasha ya ce masa, "Baba, ku yi haƙuri ku sayi na jirgin da ke biye, har yanzu akwai wuri. Amma don Allah kada ku karɓi tikiti a hannun kowa a waje, gama kowane tikiti da sunan mai shi."

Na tafi neman ruwan sha. Kafin in komo, ashe wani saurayi ya ja Baba gefe, ya sayar masa da tikiti biyu na jirgin safe, kuɗin har ya kusa ninki biyu. A bakin ƙofa aka duba sunan da ke jikin tikiti, aka duba katinsa, ba su yi daidai ba. Ya yi roƙo, ya yi rantsuwa, mai tsaron ƙofa ya ce, "Baba, wallahi ba ni da iko." Saurayin kuwa ko ƙurarsa. Sa'ad da muka koma wurin akawu, na jirgi na biyu ma ya ƙare. Ranar likita ta wuce, sai bayan wata uku aka ba su wata, lokacin kuwa shuka ta kama. A hanyar komawa gida matar ba ta ce uffan ba. Baba ne ya yi ta cewa, "Malam, yaron nan fa ya gaya mini."

Na roƙe shi izini in rubuta wannan, ya ce in rubuta, ko wani ya tsira.

ME YA SA MUKE ƘIN JI?

Kakanninmu sun san jirgi sarai. Dogo ya iso Kano a 1911, ya haɗa Kafanchan da Jos a 1927, ya kai Maiduguri a 1964. Da shi aka kwashi gyaɗa da auduga da fatu da kuza zuwa bakin teku. A zamanin nan ko tsohuwa ta san a zo tasha da wuri, a kai kaya sikeli, a karɓi rasit. Amma daga wajen shekarun 1980 harkar reluwe ta yi ta lalacewa, har aka haifi yara suka girma suka yi aure ba su taɓa shiga tarago ba. Da aka buɗe sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186 a 2016, da ta Warri zuwa Itakpe a 2020, da ta Ikko zuwa Badun a 2021, sai jama'a suka komo wa jirgi da halin tashar mota.

To, a tashar mota ana ciniki, ana jiran fasinja, ɗan kamasho yakan sama maka wuri ko an ce mota ta cika, in ka ce a tsaya kuma direba ya taka birki. Jirgi bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Akwai kuma zato. Wani in ma'aikaci ya ce masa "ba a yin haka", sai ya ɗauka cin hanci yake nema. Wani ya taɓa zuwa jirgi ya makara, saboda haka ya ɗauka kullum haka ne. Wani kuwa kunyar tambaya yake ji, kada a ce baƙauye ne, sai ya bi maganar fasinja ɗan'uwansa wanda shi ma baƙo ne. Gaskiya ne wani lokaci ma'aikaci yakan yi magana da faɗa, ko ya yi ta da Turanci. Duk da haka mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ya shekara goma yana kallon jirgi na shiga yana fita ya fi ka sanin halinsa.

Bari mu ɗauki gargaɗin nan ɗaya ɗaya, mu ga dalilin kowanne.

"KU SAYI TIKITI INDA AKA CE"

An fara sayar da tikitin Abuja da Kaduna ta intanet a watan Janairu 2021, domin a rage 'yan bumburutu. Bayan harin da aka kai wa jirgin ran 28 ga Maris 2022, an rufe hanyar har 5 ga Disamba na shekarar. Da aka sāke buɗewa sai aka sa sharaɗin lambar katin ɗan ƙasa, watau NIN, domin a san ko wane ne ke cikin jirgi. Kun ga ashe mai tsaron ƙofa ba mugunta ya yi wa Baba ba. In ya bar mutum ya shiga da sunan wani, gobe mugu ma ta nan zai shiga. Wanda ba shi da babbar waya, sai ya sa ɗansa ko wani amintacce ya saya masa da sunansa da lambarsa tun da sauran kwanaki.

"KU ZO DA WURI, KU KAI KAYA A DUBA"

Ana binciken kaya da tikiti kafin a shiga, wannan kuwa yana cin lokaci. Jirgi ba ya jiran mutum ɗaya, gama a hanya mai dogo guda tilas ya isa wata tasha a kan lokaci domin ya kauce wa wanda ke zuwa daga gaba. In ya yi jinkiri, ya jawo wa ɗaruruwan mutane jinkiri ke nan a jirgi biyu.

Game da kaya, mu manoma sai mu kula ƙwarai. In an ce ba a shiga da fetur ko tukunyar gas, kada a ɓoye su cikin buhu. Tarago a rufe yake, cike da mata da yara, wuta kuwa in ta tashi jirgi na gudu babu wurin tsira. Haka nan maganin feshi. Kwalba ɗaya in ta fashe a kan garin wani, ka zuba wa iyalin da ba ka sani ba dafi.

"KU JA DA BAYA, KADA KU TSALLAKA"

Nan ne maganar ta zama ta rai da mutuwa. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, a kan ƙarfe take tafiya, saboda haka ba ta kama hanya kamar yadda tayar roba ke kama kwalta. Ga kuma nauyi. Jirgi mai kaya in yana gudu sosai yakan yi kilomita guda ko fiye bayan an taka birki kafin ya tsaya. Direbansa ba shi da sitiyarin kaucewa. Ko ya hango ka, abin da zai iya yi kawai shi ne ya busa ƙaho ya ja birki.

Ido ma yakan ruɗi mutum, domin babban abu in yana tahowa daga nesa sai ka ga kamar a hankali yake tafiya. Amma jirgin da ke gudun kilomita 100 a sa'a yana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka ƙirga huɗu ya wuce tsawon filin ƙwallo. Sa'an nan tarago ya fi dogo faɗi. Tsakanin ƙarafan sabuwar hanya bai kai mita ɗaya da rabi ba, jikin jirgi kuwa ya zarce su da wajen taku guda a kowane gefe. Wanda ya tsaya kusa yana cewa ai ba a kan dogo yake ba, yana cikin hatsari, balle mai babbar riga ko mai goyo.

Ran 9 ga Maris 2023, a wajen Ikeja cikin Ikko, wata bas ɗauke da ma'aikatan gwamnatin jihar ta iso inda titi ya ratsa dogo. Mai tuta ya ba da alamar a tsaya, sauran motoci suka tsaya, direban bas ya ce bari ya wuce kafin jirgi ya iso. Jirgi ya kwashe ta ya ja ta a ƙasa. Mutum 6 suka rasu, da yawa suka ji rauni. Jiran da aka ce ya yi bai fi na 'yan mintoci ba.

Samarinmu masu zuwa cin rani Ikko, ku ji da kyau. Kada ku ga wasu sun hau rufin tarago ko sun rataya a ƙofa ku bi su. Jirgin cikin gari kuma da aka buɗe a 2023 tsakanin Marina da Mile 2 da lantarki yake tafiya, wutar tana cikin wani ƙarfe da ke shimfiɗe a gefen dogo. Taka shi mutuwa ne, ko babu jirgi kusa.

ABIN DA ZA MU YI

Kafin ranar tafiya, a tambayi lokacin jirgi daga bakin ma'aikaci ko sanarwar hukuma, gama lokaci yakan sāke. A riƙe katin ɗan ƙasa a aljihu. A tasha, a nemi mai kayan aiki a jikinsa ko wanda ke zaune a tagar tikiti. In ba ka gane abin da ya ce ba, ka ce, "Ranka ya daɗe, a maimaita mini da Hausa." Matambayi ba ya ɓata. A riƙe hannun yara. Kada a hau ko a sauka sai jirgi ya tsaya cik. In an sanar cewa an dakatar da tafiya saboda ruwa ya ci hanya ko saboda gyara, a koma gida a jira, kada a tsaya gardama. Waɗanda gonakinsu ke bakin dogo kuma, a tsaya, a duba dama da hagu, a saurara, kafin a ƙetara da amalanke ko garke.

Shugabannin ƙungiyoyi da malaman makaranta, ina roƙonku ku karanta wannan a taronku na gaba, ku nemi wani tsoho da ya yi aikin reluwe ya ƙara muku bayani.

Matar Baba dai an yi mata aikin ido daga baya, tana gani yanzu, mun gode Allah. Tafiya ta biyu tun da asuba suka isa tasha, da tikiti mai sunansu. Baba ya nemi akawun nan ya gaishe shi, ya ce masa, "Ɗana, wancan karo ban ji bari ba, na ji hoho."