Haƙuri Ba Na Mace Kaɗai Ba Ne: Darasi Daga Mazan Coci A Jambutu

A Jambutu, unguwarmu ta Garwa, katanga ɗaya ce ke raba gidan Musulmi da na Kirista. Tufuri da Mundang da Gidar da Fulani da mu Hausawa, kasuwa ɗaya muke ci. Idan aka daki mace cikin dare kowa na ji, amma ba kowa ke fitowa ba.

Na fi shekara 20 ina awon hatsi a nan, kuma mai awo na ganin abin da liman da fasto ba sa gani: kumburarren ido a ƙarƙashin mayafi, da kuɗin cefanen da aka ƙwace aka kai gidan bilbil. Duk inda matar ta kai kuka, amsar ɗaya ce: yi haƙuri. Fulani na cewa munyal. A kan wannan kalma Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta rubuta littafin da ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020.

Maƙwabtana Kiristoci ne suka sa na ɗauki alƙalami. A wata majami'a kusa da rumfata, dattawan maza sun daina barin maganar duka a hannun zumuntar mata. In ƙara ta zo, maza biyu ko uku ne ke zuwa wurin mijin. Ba sa mayar da matar ɗaki sai sun tabbatar da lafiyarta. In akwai rauni, asibiti tukuna, sulhu daga baya. Wanda ya maimaita, a sauke shi daga duk muƙamin da yake riƙe da shi a coci. Wani dattijonsu ya bayyana mini cewa maza da yawa sun haddace inda wasiƙar Bulus ga Afisawa, sura ta 5, ta yi maganar biyayyar mata, amma suna tsallake inda ta ɗora wa miji ƙaunar da ta kai ga ba da rai.

Doka ma na bayansu. Kundin hukunta laifuka na Kamaru na 12 ga Yuli, 2016 ya haramta aurar da wadda ba ta kai shekara 18 ba (sashi na 356). Auren wadda aka yi wa fyaɗe ba ya wanke mai laifin (sashi na 297). Korar mace daga gidan aurenta ba bisa ƙa'ida ba laifi ne (sashi na 358-1), kuma hukuncin ya fi tsanani in tana da ciki. Mata sun daɗe a wannan fage: Aissa Doumara ta ƙungiyar ALVF a Marwa ta karɓi kyautar Simone Veil a 2019. Maza ne muka makara.

'Yan'uwa fatake, mu da muke kwana a hanyar Yola da Njamena da Gaundare, 'ya'yanmu mata na aure nesa da dangi. Ran da wuya ta zo, maƙwabci ne uban da ke kusa. Don haka in ka ji kuka a bayan katanga, ɗauki mutum biyu ku ƙwanƙwasa ƙofa. In abin ya fi ƙarfinku, ga jauro, ga jandarma. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.