Janareta da Gubar da Ba a Gani

Ya ku ɗalibai da iyayenmu na Kanya Babba, idan an ɗauke wuta aka tayar da janareta, ku sani hayaƙinsa yana ɗauke da wata iska mai guba, ba launi, ba wari. Tana shiga jini ta tare gurbin iskar da muke rayuwa da ita. Sai ciwon kai, sai jiri, mai barci kuwa ba lallai ya farka ba. Don haka kada tsoron ɓarawo ya sa a shigar da inji ɗaki ko zaure. A ɗaure shi da sarƙa a tsakar gida, nesa da taga. Jarkar fetur kuma a nisanta ta da murhu. In za a ƙara mai, a kashe injin ya huce tukuna.