Ba Duk Ƙwayoyin Gaban Mace Ne Cuta Ba

Uwargida, da zarar kin ji ƙaiƙayi ko kin ga farin ruwa, sai maƙwabta su ce ai ciwon sanyi ne, a tura yaro kemis ya sayo kafso. Ki dakata tukuna.

A asibiti, kamar na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko na Koyarwa da ke Shika, akan ɗebi ruwan gaba da ɗan tsinke mai auduga, a shafa a faranti mai abincin ƙwayoyi, a ajiye a ɗumin jikin mutum, digiri 37, kwana ɗaya zuwa biyu. Abin da ya tsiro ne ke taimaka wa likita zaɓen magani.

Abin mamaki, ko na mace mai lafiya aka shuka, ƙwayoyi na tsirowa. Tun 1892 wani likitan Jamus, Albert Döderlein, ya bayyana su. Ana kiransu Laktobasilus, su ke sa wurin ɗan tsami don miyagu su kasa zama. Matsi, cusa sabulu ciki da shan kafso barkatai duk suna korar su. Tsarki da ruwa daga waje ya wadatar.

Mai juna biyu kam kada ta jinkirta gwaji, domin wani ciwon yakan jawo haihuwar bakwaini.