Wiwi da giya: wanne ya fi haɗari a kan sitiyari?

A tashoshin mota ana yawan jin masu shan wiwi suna cewa ita ba kamar giya ba ce, wai natsuwa take ƙara wa direba. Akwai ɗan abin kamawa a zancen, kuma shi ne ke ruɗin mutane.

Giya ce ta fi kashe mutane a hanya, wannan babu gardama. Tun binciken da aka yi a garin Grand Rapids na Amurka a 1964 aka tabbatar cewa haɗari na hauhawa daidai da yawan barasa a jini. Wani binciken da hukumar kula da tsaron hanyoyi ta Amurka ta fitar a 2015 ya nuna cewa idan barasar ta kai kashi 0.08 cikin ɗari, yiwuwar haɗari ta kusa ninkawa huɗu, idan ta kai 0.15 kuwa ta ninka kusan sha biyu. A Najeriya ma doka ta sa iyaka ga yawan barasar da ke jinin direba. Babbar illar giya ita ce ƙaryar da take yi wa mai shanta: hannunsa ya yi nauyi, ganinsa ya ragu, amma zuciyarsa na ce masa ya fi kowa iya tuƙi. Sai ya taka totur, ya yi aron hannu a kan kwana.

Wanda ya busa wiwi sau da yawa ya san ya bugu, don haka yakan rage gudu, ya bar tazara tsakaninsa da motar gaba. Wannan ce "natsuwar" da ake faɗa. Sai dai motarsa na karkata daga layi tana dawowa, hankalinsa ba ya iya rabuwa biyu, ƙafarsa kuma na makara wajen birki. Akuya ta faɗo titi, ko mai adaidaita sahu ya tsaya ba sigina, kafin ya ankara aikin gama ya gama. Masana sun saɓa kan girman haɗarin: wasu sun ce ƙarin bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ba, wasu suka ce ya kusa ninki biyu. Ko wanne aka ɗauka, ƙari ne a kan na mai tuƙi garau.

Mafi muni shi ne haɗa su. Giya na goge ɗan taka-tsantsan ɗin da mai wiwi ke da shi, makarar birkin kuma tana nan. Balle a ɗora tiramol ko kodin a kai.

Wajen kamu ma sun bambanta. Mai giya na hura iska a na'ura a ga lamba nan take. Sinadarin THC na wiwi kuwa maƙalewa yake a kitsen jiki, yana iya fitowa a fitsarin wanda ya saba sha makonni bayan buguwar ta sake shi, don haka gwajin ba ya faɗin halin da direba ke ciki a lokacin. Ba ƙaramar matsala ba ce a ƙasar da binciken 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6.

Goro, shayi mai kauri ko watsa ruwan sanyi ba sa warware ko ɗaya. Hanta ce ke ƙone barasa a hankali, ba a sa ta sauri. Wiwin da aka zuba a abinci kuma tana iya ɗaukar awa ɗaya ko biyu kafin ta kama, direba ya bar tasha garau, ta same shi a tsakiyar hanya da fasinja cike da mota.