Babi na Tara: Wace Burauza ce ke Kawo Ciniki?

A cikin Google Analytics akwai jadawalin da masu kanti a intanet ba su cika tsayawa a kansa ba: jerin burauzar da baƙi suka shigo da ita. Ga Chrome, ga Safari, Edge, Firefox, Samsung Internet da Opera, kowace da yawan baƙinta da kuɗin cinikin da aka yi ta cikinta. Ba wani siddabaru a nan, burauzar ce ke faɗin sunanta duk lokacin da ta nemi shafi.

Masu duba jadawalin kuma da yawa idonsu na kan jimlar kuɗi ne kawai. Sai ka ji ana cewa Chrome ce ke riƙe da kantin. To da wa zai riƙe shi? Ita ce ta fi kowace yawan jama'a. Abin dubawa shi ne, cikin baƙi ɗari da suka zo da burauza kaza, nawa ne suka biya kuɗi.

Wata maganar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce wai masu Safari attajirai ne, a tsauwala musu farashi. Tushenta sananne ne. A 2012 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin Orbitz, wani kamfanin tafiye-tafiye na Amurka, wanda ya lura cewa masu kwamfutar Mac, wadda ke zuwa da Safari, suna kashe kuɗi a otal fiye da sauran, har kusan kashi 30 cikin ɗari a kowane dare. Sai kamfanin ya riƙa ɗaga otal masu tsada zuwa saman jerin da yake nuna musu. Nan da nan labari ya sauya a bakin mutane, aka ce ana sayar musu da ɗaki ɗaya a kan farashi biyu. Ba haka aka yi ba! Tsarin jerin aka sauya, farashin ɗaki yana nan yadda yake ga kowa. Kuma maganar kwamfuta ake yi, ba burauza ba.

Su kansu alƙaluman Safari sai an yi hattara da su. Tun 2017 Apple, mai Safari, ya fara toshe masu bin sawun mutane, a 2019 kuma ya taƙaita ran wasu kukis, wato 'yan bayanan da ake gane baƙo da su, zuwa kwana 7. Tsohon abokin ciniki da ya yi mako biyu bai leƙo ba, sai a ƙirga shi sabon baƙo.

Babban amfanin jadawalin shi ne gano inda kanti ya lalace. A ce mutum 3 cikin ɗari ke saye ta Chrome, amma ta wata burauzar kusan babu ko ɗaya. Ba rowa ce ta haɗa su ba. Mai yiwuwa maɓallin biya ne ba ya dannuwa a wurinsu. Opera Mini, wadda ta samu karɓuwa a Nijeriya saboda rage cin data, tana matse shafi a na'urorin kamfaninta kafin ya iso waya, kuma wasu shafukan biya ba sa jure wannan. Haka masu shigowa daga tallar Facebook ko Instagram, a cikin manhajar ne shafin ke buɗe musu.

Saboda haka idan ka ga burauza mai baƙi da yawa amma ba ciniki, nemo waya mai irinta, ka sayi kaya a kantinka har zuwa biyan kuɗi.